Allon hawan igiyar ruwa ya yi bororo: a yi masa allurar gam ne ko a yanke?

Tun da aka saka wasan hawan igiyar ruwa a gasar Olamfik, karon farko a Tokyo a 2021, sannan a 2024 aka kai shi can Tahiti duk da cewa Faris ce mai masaukin baƙi, mutane da dama da ba su taɓa ganin teku ba ma sun san allon nan da ake tsayawa a kai ana bin igiyar ruwa. Wanda kuma ya taɓa tsallakawa Tarkwa Bay a Legas, ko ya je Busua a Gana ko Ngor a Dakar, ya ga yara suna yawo da shi a hammata. Sabon allo tsada gare shi ba ta wasa ba, shi ya sa wasu ke zama su sassaƙa nasu a gida. To masu haɗa na gidan nan akwai wata matsala da kusan kowa sai ya ci karo da ita: wata rana ka ɗauko allonka ka ga wani wuri ya kumbura kamar bororon ƙuna, ka danna da yatsa ya lotsa, ka saki ya dawo. Daga nan gardama take tashi, wasu su ce ai huda shi za ka yi ka ɗura gam da sirinji ka danne shikenan, wasu su ce a'a sai an yanke wurin gaba ɗaya. Kowane ɓangare kuma yana da allon da zai nuna maka a matsayin shaida.

Ni dai a ganina tambayar ce aka fara daga tsakiya. Kafin a zo kan allura ko wuƙa sai an san me ya ɗaga fatar tun farko, don bororon iri-iri ne duk da daga waje kamarsu ɗaya.

Wai mene ne a cikin allon nan?

Mutane da yawa sun ɗauka roba ce zalla ko katako. A da can a Hawai katako ne kam, mai nauyin da sai ƙato ke ɗauka. Na yanzu soso ne a ciki, an sassaƙa shi, galibi da siririn katako a tsakiya daga kai zuwa wutsiya kamar ƙashin baya, sai a lulluɓe shi da ƙyallen faiba a shafe da rezin, idan ya daskare ya zama fata mai tauri. Fatar nan duk taurinta kaurinta bai cika kai milimita 1 ba. Ƙyallen da aka fi amfani da shi iri biyu ne, mai awo 4 da mai awo 6, wato kusan giram 135 da giram 200 a kowace murabba'in mita, a ƙasan allo a sa shimfiɗa ɗaya, a saman da ake takawa a sa biyu.

Abin lura shi ne soson shi kaɗai ba shi da ƙarfi, da gwiwa za ka karya shi, fatar ma ita kaɗai lanƙwasa take kamar kwali. Ƙarfin allo gaba ɗaya a mannewar su biyun yake. Duk inda suka rabu to wurin ya zama fanko, ko da kuwa babu tsaga ko ɗaya a ido. Wannan rabuwar ita muke kira bororo ko ɗagowar fata.

Soso kuma kala biyu ne manya. Akwai PU, wato foliyuretan, wanda aka saba haɗawa da rezin ɗin foliyesta tun wajajen ƙarshen shekarun 1950. Akwai kuma EPS, farin soson nan mai ƙananan ƙwayoyi irin wanda ake samu a kwalin sabon firiji ko talabijin, sai dai na allo ya fi wancan matsewa, yana kai kilo 24 zuwa 32 a kowace kubik mita. Shi wannan farin dole sai da efoksi, wani nau'in rezin ne daban, don idan ka zuba masa foliyesta narkewa yake a gabanka kamar yadda fetur ke cinye shi. In ka ji an ce allon efoksi to galibi wannan farin soson ne a ciki.

Yadda farin soso ya samu shiga

Wannan yana da labari. Akwai wani kamfani a Kalifoniya, Clark Foam, na Gordon Clark, wanda shekara da shekaru shi ke samar da mafi yawan soson PU da masu sassaƙa allo a Amurka ke aiki da shi. Ranar 5 ga Disamban 2005 kawai mutumin ya rufe masana'antar ba tare da sanarwa ba, yana kuka da matsin hukumomi kan sinadaran da yake amfani da su. Masu sana'a suka wayi gari babu kayan aiki. Dole aka juya neman madadi, nan ne EPS da efoksi suka samu kasuwa sosai, duk da dama can ana amfani da su musamman a allunan da ake kafa wa filafilan iska.

Ga mai haɗi a gida kuwa farin soso ya fi sauƙin samu nesa ba kusa ba, ko a shagon kayan gini za a iya samunsa. Ga rashin nauyi, ga efoksi ba ya wari mai hawa kai kamar foliyesta. Amma ya zo da halinsa: sama da kashi 95 cikin 100 na jikinsa iska ce, kuma tsakanin ƙwayoyin nan akwai 'yan hanyoyi da iska da ruwa ke bi. Yawancin bororon daga nan yake.

Abin da ke ɗaga fatar

Na farko zafi, kuma shi ne babba. Bari mu yi ɗan lissafi. Iskar da ke rufe a cikin allo idan zafinta ya tashi daga digiri 25 zuwa 65 a ma'aunin Salsiyas, wanda cikin mota a rufe a rana yana iya kaiwa, tana neman ƙara girma da kusan kashi 13 cikin 100. Ba ta da wurin zuwa sai ta tura fatar daga ciki. A kan wuri mai faɗin tafin hannu, santimita 10 sau 10, turin nan ya kai nauyin kilo 13. Kuma a daidai lokacin da ake wannan turi shi ma efoksin da ya bushe a zafin ɗaki yakan fara laushi da zarar ya wuce digiri 50 zuwa 60. Wato ana turawa daga ciki, mai riƙon kuma hannunsa ya yi sanyi. Allon da aka yi wa fenti baƙi ko shuɗi mai duhu ya fi saurin kamuwa don ya fi shan rana.

Na ga wannan da idona. Wani yaro ne ya haɗa allonsa na farko, ya yi masa ado da baƙin fenti a tsakiya don ya yi kyau a hoto, ranar ya fito daga ruwa ya kifa shi a kan yashi ya tafi cin abinci. Bai fi awa biyu ba, da ya dawo daidai inda baƙin fentin yake ya tashi kamar burodi, farin gefen kuma lafiya lau ko gezau. Yana dannawa kana jin wani sauti ƙas-ƙas, ƙwayoyin soson ne ke tsinkewa a ƙarƙashi.

Na biyu ruwa. Ƙaramar tsaga a hancin allo ko gefensa, ko 'yan ƙofofi kamar na bakin allura da rezin bai toshe ba, sun isa. Allo ya sha rana a bakin teku iskar ciki ta fita ta tsagar, ka jefa shi cikin ruwa mai sanyi iskar ta tsuke, sai ya zuƙi ruwan gishiri kamar mai shan lemo da tsinke. Ruwan nan idan ya ji zafi tururi yake zama, kuma turin tururi a digiri 65 ya ninka na digiri 25 kusan sau takwas. Shi ya sa jiƙaƙƙen allo ya fi busasshe saurin yin bororo.

Na uku diddige. Inda ƙafar baya ke taka kullum, ko inda gwiwa ke dira idan za a miƙe, soson yana murƙushewa a hankali, fatar ta lotsa ta dawo, ta lotsa ta dawo, har wata rana ta dawo ita kaɗai ta bar soson a ƙasa. Galibi a gefen katakon tsakiyan nan ake ganinsa, saboda katakon ba ya lotsawa amma soson gefensa yana yi.

Na huɗu kuma, wanda masu haɗin gida ba sa son a faɗa, kuskuren aiki ne. An matse rezin da yawa lokacin shafawa ƙyallen ya zauna a bushe, ko ba a kakkaɓe ƙurar sassaƙa ba, ko an taɓa soson da hannu mai maiƙo, ko an lafta masa abin cike ramuka ya yi kauri fatar ta manne da shi maimakon soson. Ko kuma ba a auna efoksi da hadinarsa daidai ba, wato ruwan da ake gauraya masa don ya daskare. Nan mutanen da suka saba da aikin faiba na foliyesta ke faɗawa, don a can in ka ƙara hadina bushewa kawai yake saurin yi, amma efoksi ba haka yake ba, yawancin na allo kashi 2 ne na rezin da kashi 1 na hadina a mudu, in ka ƙara ko ka rage to har abada ba zai yi tauri yadda ya kamata ba.

Akwai ma wani soson, XPS, mai launin shuɗi ko ruwan hoda da ake sa wa bango don tare zafi. Ba ya shan ruwa, abin sha'awa, amma ya yi ƙaurin suna wajen ɗaga fata idan ya ji rana. Wanda ya haɗa allo da shi ya sa a ransa zai yi gyara.

Kafin ka taɓa komai

Ɗauki tsabar kuɗi ko bayan cokali ka riƙa ƙwanƙwasa wurin a hankali. Inda fata ke manne sautin a tsuke yake, inda ta rabu kuma sai ka ji kamar ganga da ta saki. Bi iyakar da fensir ka zagaye. Kusan kullum za ka tarar ya fi abin da ido ke gani faɗi. Sannan ka ɗaga allon ka ji nauyinsa, in ya fi yadda ka sani to ya sha ruwa. Wasu ma sukan sa baki a tsagar su tsotsa, in suka ji gishiri magana ta ƙare.

Masu allura da masu wuƙa

Hujjar masu allura a fili take. Aikin bai da yawa, ba a ɓata adon allo, ba a buƙatar ƙyalle. A huda ƙananan ramuka a gefe-gefen bororon, a ɗura efoksi ta na ƙasa har ya ɓullo ta na sama, a shimfiɗa leda, a ɗora buhun yashi a bar shi ya kwana. Kuma gaskiya yana yi, amma da sharaɗi: bororon ƙarami ne bai wuce tafin hannu ba, cikinsa a bushe yake, soson ƙarƙashi bai murƙushe ba, fatar kuma ba ta miƙe ta canza siffa ba.

Matsalar ita ce duk waɗannan sharuɗɗan ba ka ganinsu ta ramin sirinji. Aiki ne a makance. In akwai danshi efoksi ba zai kama ba. In soson ya zama gari to garin ka manna wa fata, sati biyu ya sake tashi. In ramin na da zurfi rezin ya taru wuri ɗaya, to nan ne babbar ɓarna, don efoksi idan ya taru da yawa zafi yake fitarwa yayin daskarewa, zafin da zai iya narkar da farin soso ya bar maka kogo a cikin allo. Ko bai narke ba ka samu dunƙulen dutse a tsakiyar abu mai laushi, ga ƙarin nauyi, sannan gefen dutsen nan ne wurin da sabuwar tsaga za ta fara.

Masu wuƙa kuma cewa suke gara ka ga ciwon da idonka. Aikinsu ya fi yawa, ya fi cin kwanaki, kuma tabo zai fito sai dai in an bi da fenti. Amma akwai abu ɗaya da yankan ke ba ka wanda allura ba ta bayarwa: idan ka ɗaga fatar ka juya bayanta za ta gaya maka abin da ya faru. In ka ga ƙwayoyin farin soso manne a jikinta to gam bai yi laifi ba, soson ne ya yage, zafi ne ko diddige ko kuma soson ya yi sakwa-sakwa da yawa. In kuwa ka ga bayan fatar sumul babu ko ƙwaya ɗaya, to tun ranar haɗi ba ta kama ba, kuma ka shirya don wataƙila sauran jikin allon ma haka yake, bororon nan somin taɓi ne.

Akwai masu bin tsakiya, su yanka gefe uku su ɗaga fatar kamar murfin littafi, su busar su gyara ciki, su mayar da ita su danne, sannan su bi layin yankan da sabon ƙyalle. Wannan yana da kyau in ana son a tsira da zanen da ke jiki, in dai fatar ba ta miƙe ba. Wadda ta miƙe ba ta komawa daidai, sai ta yi tattara.

Ni ina tare da masu wuƙa a duk abin da ya wuce tafin hannu, ko duk wanda ake zargin ruwa a ciki komai ƙanƙantarsa.

Yadda ake yankan

A fara kankare kakin da ake gogawa a saman allo don kada ƙafa ta zame, a kankare shi tas har nesa da wurin, don ko ɗan kaɗan ya rage efoksi ba zai kama ba. Kada a goge da tina ko asiton kusa da buɗaɗɗen soso, cinye shi za su yi. Sai a bi layin fensir da reza mai kaifi, a ɗan shiga cikin lafiyayyen wuri kaɗan, a yanka fatar kawai ba tare da nutsa wuƙar cikin soso ba.

Sai busarwa, kuma nan ne haƙurin mutane ke ƙarewa. A ajiye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, buɗaɗɗen wurin yana kallon ƙasa, fanka ma tana taimakawa. Zai iya ɗaukar kwana uku, zai iya ɗaukar sati biyu ko fiye, musamman a gari mai laima irin Legas da damina. Kada a ce za a shanya shi a rana don ya yi sauri, abin da ya kawo ciwon kenan. Gwaji mai sauƙi: a manna farar leda a kan wurin da salatif a bar ta ta kwana, in da safe akwai gumi a cikinta to da saura.

Idan ya bushe a kankare duk soson da ya murƙushe har a kai ga mai ƙwari. In ramin ya yi zurfi a yanko wani guntun farin soso a dasa a ciki a sassaƙe shi daidai, wasu suna manna shi da gam ɗin nan mai kumfa irin Gorilla Glue saboda ba shi da nauyi kuma yana cike lungu. In ba zurfi a kwaɓa efoksi da garin nan mara nauyi da ake kira Q-cell ya yi kauri kamar man gyaɗa a shafe, siriri-siriri, kada a cika shi lokaci ɗaya saboda zafin da muka ambata. A nemi hadina mai jinkirin bushewa in akwai.

Daga nan a goge gefen tsohuwar fatar da samfefa mai lamba 60 ko 80 ya yi gangare, faɗin kamar yatsu biyu zuwa uku, don sabon ƙyalle ya hau kan tsohon ba tare da tudu ba. A yanka ƙyalle biyu, ɗaya ya fi ɗaya faɗi, a mayar da adadin shimfiɗar da aka cire, in wurin diddige ne ma a ƙara ɗaya. A jiƙa shi har farinsa ya ɓace ya zama garau, a matse rarar amma kada a bushe shi.

Ga wata dabara da ƙwararru ke yi wadda ba ta cin ko sisi: a yi shafin da yamma lokacin da gari ya fara sanyi, ba da hantsi ba. In zafi na hawa soson numfashi yake fitarwa, sai ya hura kumfa a cikin ɗanyen rezin ya bar ƙofofi. In zafi na sauka kuwa zuƙa yake, sai ya ja rezin ciki ya riƙe shi gam.

Bayan ya daskare a sake shafa wani siririn efoksi ya rufe saƙar ƙyallen, in an bar shi ya kwana a ɗan wanke shi da ruwa a goge tukuna don wani maiƙo-maiƙo da efoksi kan fitar a sama idan akwai laima. Sai gugar ƙarshe da samfefa mai lamba 120, 220, har sama in ana son sheƙi. A ba shi wasu kwanaki kafin a kai shi ruwa, taurin da yatsa ke ji washegari ba shi ne cikakken tauri ba.

Aradait, bodi fila da lafiyar mai gyara

Dole a yi maganar kayan da ke kusa da hannu, don ba kowa ke samun efoksin allo ba. Aradait ɗin shago shi ma efoksi ne, ba zai narkar da soso ba, zai toshe ƙaramar tsaga na wucin gadi, amma kaurinsa ya yi yawa ba ya ratsa ƙyalle da kyau, mai saurin kamawar kuma ya fi zafi. Bodi filar masu gyaran mota da rezin ɗin masu tankin faiba kuwa foliyesta ne, su taɓa farin soso su cinye shi. Sufa gulu ma haka. Kafin ka zuba kowane irin abu ka ɗiga shi a kan guntun soson da ya rage ka jira minti goma ka gani.

Shi kuma efoksi rashin warinsa na yaudarar mutane. Yawan taɓa shi da hannu yana jawo borin jini, ƙaiƙayi da kumburin fata, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin sa yawanci haka zai zauna. A sa safar hannu, a rufe hanci lokacin guga don ƙurar faiba, in ya taɓa fata a wanke da sabulu ba da tina ba.

Yaushe ne gyaran bai da amfani?

In bororon ya cinye kusan rabin saman allo, ko bayan fatar ya fito sumul kuma duk inda ka ja sai ta ci gaba da ɓarewa kamar bawon ayaba, to faci ɓata rezin ne. Abin da ya fi shi ne a ɓare saman gaba ɗaya a sake lulluɓawa, soson da aka sha wahalar sassaƙawa bai tafi a banza ba. Wasu a wannan karon sukan dasa ɗan maɓallin numfashi a saman allon, wanda ke barin iska ta fita amma ba ya barin ruwa ya shiga, irin wanda ake gani a manyan allunan da ake tuƙawa a tsaye.

Shi yaron mai baƙin fenti yanke wurin ya yi, bayan fatar ya fito cike da farin ƙwayoyi, ya dasa sabon soso ya rufe da shimfiɗa biyu, ya bi wurin da farin fenti. Yanzu in ya fito daga ruwa ƙarƙashin rumfar mai sayar da kifi yake tura allon, ya rufa masa tsohon zanin gado.